Jidda zuwa Niyok nisan nawa ne a jirgi? Hajiyarmu za ta je wankan jego, kowa da lissafin da yake ba ni

Maman Walida (Jidda, Sabil)

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah wanda ya san harkar jirgi ya fitar da ni daga duhu, wlh kaina ya ɗaure. Autarmu tana aure a Amurka, a Niyok, unguwar da ake ce wa Bronx, watan haihuwarta ya kusa kama kuma haihuwar fari ce, ba ta da kowa a can sai mijin shi ma tun asuba yake fita sai dare, shi ne aka yanke Hajiyarmu ce za ta je ta zauna mata har a yi arba'in. Biza ta fito alhamdulillah bayan mun sha zirga-zirga, huruj wa auda (bizar fita da dawowa ta Saudiyya) ma an gama a Absher, manhajar gwamnati, saura yankar tazkara wato tikitin jirgi, to a nan ne fa gizo ke saƙa.

Hajiya shekararta 67, ga sikari ga ciwon gwiwa, iyakar doguwar tafiyar da ta sani a jirgi ita ce Jidda zuwa Kano, wannan ɗin ma in ta sauka sai ta kwana biyu tana cewa ƙafafun nan ba nata ba ne. Jiya da daddare ta ce min "wai garin nan na su Auta, Kano nawa ne?" na ɗauki waya na duba, wani wuri na ga 6,300 da 'yan kai, wani wuri 5,500, wani kuma 10,200, duk kuma sun ce Jidda zuwa Niyok suke nufi. To wanne zan faɗa mata fisabilillahi?

Na biyu, ejan ɗin da muke yankar tazkara a wurinsa ya kawo mana hanya uku, akwai mai tashi daga nan ya dire can ba tsayawa amma ya fi tsada, akwai ta Alkahira, akwai kuma ta Dubai wadda ta fi araha, yana ta lallaɓa ni wai ai duk ɗaya ne ta Dubai ɗin ma hutawa za ta yi a hanya. Ni dai ban yi zurfi a boko ba amma na san Dubai gabas take da mu, Amurka kuma yamma, ta yaya mai zuwa Madina zai fara bi ta Jizan a ce masa duk ɗaya ne?

Na uku shi ne wanda ya fi ɗaure min kai. Mijin Auta ya ce jirgin ta saman Faransa yake bi ya ɓullo ta Kanada sannan ya gangaro, ni kuma ga taswira a bangon ɗakin yarana, in na sa yatsa a Jidda na ja zuwa Niyok ta Libiya da Maroko nake bi, me ya kai shi can sama? Tsoron teku suke yi ko kuwa neman ƙarin kuɗi ne? Sannan ranar Juma'a muna bidiyo kol Auta ta nuna mana ɗaki da inda ta shimfiɗa darduma, ta ce alƙiblarsu arewa maso gabas ce, Hajiya ta tafa hannu ta ce an juya wa yarinyar nan kai, Makka da take ƙasa da su ina ita ina arewa, yanzu haka ta aike ni Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, in sayo mata kamfas za ta je ta gyara musu salla. Ku taimaka min da bayanin da zan iya maimaita wa tsohuwa ta gane.

Ɗan Misfala

Wslm Anti. Hhhh Hajiya za ta je gyaran alƙibla, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Ni dai a taƙaice ki yankar mata mai miƙewa kawai, tsohuwa mai gwiwa ba a wasa da ita a madar wato filin jirgin Dubai, ni da ƙafata lafiya ƙalau sai da na yi gumi kafin in gano ƙofar jirgina. Zuwa awa 13 ne kusan, dawowa kuma bai kai haka ba saboda duniya tana juyawa a ƙarƙashin jirgi sai ta kawo masa Jidda kusa, haka wani abokina ya faɗa min. Kuma ejan duk bakinsu ɗaya, inda ladansa ya fi tsoka nan zai tura ki.

Injiniyan Yanbu

Wa alaikumus salam Maman Walida, Allah ya sauki Auta lafiya. Ki gaya wa Hajiya Kano uku ne. Jidda zuwa Kano a sama kusan kilomita 3,400 ne, Jidda zuwa Niyok kuma kusan 10,200, kin ga sau uku kenan kusan cif. Lambobin nan uku da kika gani babu na ƙarya a cikinsu, mudu ne ya bambanta. 10,200 kilomita ne irin wanda muke gani a allon hanyar Makka, 6,300 da 'yan kai mil ne irin na Amurkawa wanda kowane ɗaya ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi, 5,500 kuma mil ɗin matuƙan jirgin ruwa da na sama ne, shi kowane ɗaya mita 1,852 ne. Hatsi ɗaya ne aka auna da tiya daban-daban. In kina son ki ji girman abin, kewayen duniya gaba ɗaya kusan kilomita 40,000 ne, wato Hajiya rubu'in duniya za ta ratsa a zama ɗaya.

Maganar Faransa da Kanada kuwa surukinku bai yi ƙarya ba, taswirar bangon ce take yaudarar ido. Ki ɗauki lemo guda mai kyau, ki sa biro ki ɗiga alama biyu, ɗaya ɗan sama kaɗan da cikin lemon ki ce Jidda ce, ɗayar ki zagaya gefe kamar rubu'in lemon ko fiye kaɗan, ki hau sama kusan rabin hanya zuwa hanci ki ce Niyok ce. Sai ki samo zare ki danne a ɗigo na farko ki ja shi tamau zuwa na biyu. Za ki ga da kansa yake zamewa ya hau ta wajen sama, in kika tilasta shi ya bi ta ƙugu sai kin ƙara masa tsawo. Dalili kuwa lemo ya fi faɗi a ciki, yana tsukewa ta wajen hanci, duk wanda ya ɗan hau sama ya rage zagaye. Yanzu ki ɓare lemon ki yi ƙoƙarin shimfiɗa ɓawon a faranti, dole ya yage ta sama da ƙasa. Masu zana taswira maimakon su bar yagar sai suka ja wuraren suka cike, irin zanen da aka fi liƙawa a makarantu kenan, a 1569 wani mai suna Mercator ya fito da shi don matuƙan jirgin ruwa, shi ya sa za ki ga tsibirin Girinlan ya yi ƙato kamar Afirka alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. A irin wannan takardar hanyar da ta fi gajarta sai ta fito a lanƙwashe kamar baka, wadda yatsanki ya bi ta Libiya da Maroko kuma ta fito a miƙe, amma in da jirgi zai bi ta yatsan naki sai ya ƙara sama da kilomita 600, ya fi Jidda zuwa Madina a mota.

Zaren nan in an ɗora shi a kan duniya ta gaske, daga madar ɗin Sarki Abdul'aziz arewa maso yamma ake fuskanta, a bi Bahar Maliya, a ratsa Masar dab da Alkahira, a faɗa Bahar Rum, a gifta gefen Italiya, a shiga kudancin Faransa, daga nan sai tekun Atlantika awa da awanni ba ƙasa, sai a ɓullo ta gabashin Kanada wajen tsibirin Newfoundland a gangaro bakin teku zuwa Niyok. Ba kullum ake bin kan zaren daidai ba, sama ma tana da tituna da masu ba da hannu, wata rana iska ta sa a hau har ta Ingila da Ayalan, wata rana a kauce wa ƙasar da ake rikici. Mu nan shaida ne, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage da yawa suka daina ratsa samanta, masu zuwa Kano sun ga yadda tafiya ta ƙara tsawo.

To ki dubi hanyoyin ejan ɗinki da wannan idon. Alkahira a kan hanya take, daga nan zuwa can kusan 1,200, daga can zuwa Niyok kusan 9,000, in kin haɗa kamar ba a ratse ba. Ko ta Istanbul ce ma ratsen kaɗan ne, duka-duka wajen 10,400. Amma Dubai sai an yi baya kilomita 1,700 zuwa gabas, sannan a ɗauko 11,000 daga can, jimla 12,700, ƙarin 2,500 kenan a kan gwiwar Hajiya, kusan awa 3 na farko, na biyu wajen awa 14, ban da zaman jira a tsakani. Hankalinki ya gaya miki gaskiya tun farko.

Awanni kuma, manyan jiragen nan suna cin kilomita 850 zuwa 900 a awa a can sama wajen kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, in kin raba kin ƙara tashi da sauka zuwa yana kamawa kusan awa 13, dawowa 11 da rabi zuwa 12. Ɗan Misfala ƙanena ka gaishe min da abokin nan naka ka ce ya sake lale. Duniya daga yamma zuwa gabas take juyawa, da a ce tana zamewa a ƙarƙashin jirgi ai mai zuwa Amurka ne zai riga isa don Niyok ce za ta taho ta tarye shi, mai dawowa kuma Jidda ta dinga guje masa. Iskar da jirgi ke ciki tare take juyawa da ƙasa, kamar ƙuda ne a cikin jirgin ƙasan Haramaini, yana gudun kilomita 300 a awa amma ƙudan bai san ana yi ba. Abin da ke kawo bambancin wata iska ce mai ƙarfi a can sama da take kwarara kamar kogi daga yamma zuwa gabas, tana iya wuce kilomita 200 a awa musamman lokacin sanyi, mai zuwa yana turo ta da ƙirji, mai dawowa tana tura shi ta baya.

Agogo kuma mun riga Niyok da awa 7 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watannin awa 8, don su suna matsar da agogonsu mu ba ma yi. Maganar alƙibla na bar wa malamai amma zaren nan dai shi ne.

Ɗan Misfala

Na karɓi gyara Yaya Injiniya, dama abokin nawa shayi yake sayarwa hhhh.

Ummu Haidar (Makka, Shara Mansur)

Maman Walida 'yar uwa, Injiniya ya gama da lissafi, ni bari in ba ki na jiki don na kai tawa mahaifiyar Washintin shekara biyu da suka wuce kuma na ɗanɗana kuɗata. Kwaɗayin rangwamen 'yan riyaloli ya sa na yanki mai tsayawa a wani gari da ba sai na faɗi suna ba, aka ce jiran awa huɗu ne, jirgi na biyu ya yi latti muka share awa tara a kan kujerun ƙarfe, keken da na roƙa tun wajen yankar tazkara da muka sauka babu shi babu dalilinsa, na je wannan tebur a tura ni wancan, ƙarshe Inna ta dafa kafaɗata muka dinga jan ƙafa kamar masu sa'ayi a hawa na biyu ranar 27 ga azumi, ga jaka a wuyana ga fasfo a haƙorina. Muna isa Amurka ƙafarta ta kumbura suntum takalmin da ta sa daga gida ya ƙi shiga, da safa ta fita daga jirgi, ni kuwa kunya kamar in nutse. Kuɗin da na ce na rage a kan man zafi da tasi suka ƙare. Saboda haka in da hali ki ƙara kuɗin ki huta, in babu hali to Alkahira, ita ma ki duba tsawon jiran da idonki kar ki yarda da bakin ejan.

Ki sa a rubuta mata keke a cikin tazkarar tun yanzu kuma ki sake kira kwana biyu kafin tafiya ki tabbatar, amfaninsa ba gwiwa kaɗai ba ne, mai tura ta shi zai bi da ita layin jawazat na can, wato masu duba fasfo, ya kai ta har wajen kaya, tsohuwar da ba ta jin Turanci wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Kujera ki zaɓar mata ta bakin hanya kusa da bayi, kar ki biye wa son taga, tsofaffinmu kunya gare su, in tana lungu ba za ta iya tashin namiji baƙo ta ce za ta zaga ba, sai ta ƙi shan ruwa ta matse awa 13, ga mai sikari kuwa kin san abin da hakan ke jawowa. Ki ja mata kunne duk bayan awa biyu ta tashi ta taka zuwa baya ta dawo, tana zaune ma ta dinga motsa tafin ƙafa kamar mai taka keken ɗinki, dogon zama yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa ba wasa ba ne. Akwai safa mai matse ƙwauri a saidaliyya wato kantin magani, ki tambayi likitanta ko ta dace da ita. Takalmi kuma mai sakin jiki, ki ɗauki darasi daga kaina.

Magani duk a jakar hannu, kar ko ƙwaya ɗaya ta shiga babban akwati, da takardar likita da Turanci. Abin da ya kusa rikita mu shi ne lokacin sha, Inna ta saba safe da dare, to a jirgin rana ta ƙi faɗuwa, ita tana jiran dare agogon cikinta kuma ya riga ya kai isha. Ki bar mata agogon hannunta a lokacin Saudiyya har ta sauka, ki je wurin likita da takardar tafiyar ya tsara mata yadda za ta koma lokacin can a hankali. Ki sa mata dabino da ɗan biskit kusa ko da sikarin zai faɗi.

Sai kayan jego, nan ne za ku yi rigima na sani. Nama ko wane iri ba sa bari ya shiga, kilishi, dambu, duk ɗaya. Inna ta naɗe kilishinta a cikin zani uku ta tura ƙasan akwati ba da sanina ba, wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya zauna a gaban akwatin ya ƙi tashi, aka buɗe aka kwashe tana kallo tana salati, har yau in an ambaci Amurka sai ta ce garin da kare ya ci mata kilishi. Kuka da kanwa da yaji da daddawa mun faɗa musu da bakinmu muna ɗauke da su, suka buɗe suka duba, matar da ta shinshina daddawa ta ja baya ta yamutsa fuska ta mayar mana. Ka'idar dai duk abin ci a faɗa, ɓoyewar ce ke jawo tara. Kuma ki sake duba kwanakin huruj wa audar da igamarta wato takardar zamanta a Saudiyya, arba'in ɗin jego ba ta taɓa tsayawa a arba'in, sai kin ji ana a bari yaro ya yi ƙwari.

Almajirin Harami

Assalamu alaikum. Maman Walida ki gaida Hajiya, ki ce mata kishin salla da ta nuna abin yabo ne amma Auta tana kan daidai. Mu Hausawa mun taso muna cewa a fuskanci gabas har kalmar ta zame mana sunan alƙibla, don daga ƙasar Hausa Makka ta wajen gabas take, shi ma in an bi diddigi gabas ce mai ɗan karkata arewa. Amma ita Hajiya ai ta yi salla a Madina, kudu ta fuskanta, wanda ke Riyad kuma yamma yake kallo. Alƙibla ita ce fuskar da in ka miƙe ba ka karkace ba za ka isa Ka'aba ta hanya mafi kusa, wato zaren lemon Injiniya ne aka kamo shi daga ɗaya bakin. Jirgin da zai dawo da ita in ya tashi daga Niyok arewa maso gabas zai sa gaba ya nufi Kanada, to inda hancin jirgin ya kalla nan dardumar Auta ta kalla, kusan digiri 58 daga arewa in an karkato ta hannun dama. Ba Hajiya ce ta fara wannan mamakin ba, Musulmin Amurka kansu sun yi jayayya a kai wasu suna cewa kudu maso gabas saboda kallon taswirar bango, amma mafi yawan masallatansu arewa maso gabas suke kallo, babban masallacin Washintin da aka buɗe a 1957 ma haka aka gina shi.

Ga wata hujja da tsohuwar Makka za ta fi yarda da ita fiye da kamfas. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba har inuwa ta ɓace, wajen 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da 12:27 agogon Makka. A wannan lokacin duk wanda ke ganin rana a duniya in ya fuskance ta ya fuskanci alƙibla. A Niyok lokacin na Mayu ƙarfe 5:18 na asuba ne, saura 'yan mintuna rana ta ɓullo, kuma jan hasken da ke gabanta ta arewa maso gabas yake fitowa. Kamfas ɗin Balad kuwa in ta saya ta kula, yawancinsu da ɗan littafin lambobin garuruwa suke zuwa, kuma ƙarfen gini yana ruɗa allurar, gara ta bi masallacin unguwarsu.

Salla a jirgi kuma, matafiyiya ce tana da kasaru, kuma malamai sun yi sauƙi a haɗa azahar da la'asar, magariba da isha. Lokaci ana binsa ne da ranar inda mutum yake, ba da agogon garin da ya baro ba. Abin mamakin shi ne mai tafiya yamma bin rana yake yi, misali in jirgi ya tashi ƙarfe 6 na safe daga Jidda bayan ta yi asuba, ya yi awa 13, agogon hannunta zai nuna 7 na yamma amma a Niyok 12 na rana ne lokacin zafi, azahar ɗinsu ma ba ta yi ba, kin ga ba sallar da ta kama ta a sama. Dawowa kuma akasin haka, in an taso da hantsi sai azahar da la'asar da magariba da isha su zo a gurguje, asuba ma tana iya riskarta kafin a sauka, duk a cikin awa 12. Ta hau da alwala, 'yar talabijin ɗin bayan kujera tana nuna inda ake, wasu jiragen har alƙibla suke nunawa kuma suna da ɗan wurin salla a baya, in ta kasa tsayuwa saboda gwiwa ko an hana tashi ta yi a zaune. Wallahu a'alam.

Baba na Mai Wurno (Madina)

Jikana ne yake rubuta min. Ni haifaffen Mai Wurno ne a bakin kogin Nilu a Sudan, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. 'Yata Maman Walida, tambayar Hajiya ta Kano nawa ne ta tuna min da kakana. Shi da ƙafa ya baro ƙasar Hausa da jaki ɗaya da matarsa, suka bi ta Barno, suka ratsa Chadi ta Abeshe, suka shigo Junaina, Fashir, Ubayyid, in guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma ko a tsinci auduga a Jazira a tara na gaba, kafin su kai Sawakin su hau jirgin ruwa shekara bakwai, mahaifina a hanya aka haife shi har ya yi wayon kora jaki. Tsallaken Bahar Maliya da bai fi kilomita 300 da 'yan kai ba shi ne abin da ya fi ba su tsoro a duk tafiyar. In ka tambaye shi nisan Makka ba ya ce maka mil kaza, sai ya ce damina bakwai. Yanzu ga shi ana cewa Kano uku tsakanin asuba da azahar. Ki ce wa Hajiya ta yi Bismillah ta hau, amma maganar kilishi ta ji ta Ummu Haidar, ni ma an taɓa karɓe min man shanu a madar har yau ban huce ba.

Maman Walida (Jidda, Sabil)

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara girma, na karanta wa Hajiya naka sau biyu ta yi shiru sannan ta ce Allah ya jiƙan mazan jiya. Injiniya na yi abin lemon bayan magariba, Walida ta riƙe zare ni na ɗiga biro, zaren kuwa ya haye sama kamar yadda ka faɗa, Hajiya ta karɓa ta jujjuya ta ja da kanta har sau uku ta ce to ai shi lemo ne, sannan ta ɓare ta cinye rabi duk da sikarin. Amma maganar Malam ta Madina da rana a saman Ka'aba ita ce ta shige ta, ta ce wannan kam ta sani tun tana yarinya, an fasa sayen kamfas, sai dai ta ce in ta je za ta leƙa masallacin unguwar da idonta tukuna.

Na koma wurin ejan da safe na ce mai miƙewa nake so, ya fara kawo min zancen Dubai na ce masa 12,700 da 10,200 ba ɗaya ba ne, ya ɗago ya kalle ni ya ce wa ya faɗa miki, na ce lemo. Mijin Auta ya cika ragowar kuɗin, an rubuta keke, an ba ta kujerar bakin hanya layi na uku daga bayi, gobe za mu je wurin likita da takardar. Kilishin ne har yanzu ba mu daidaita ba, ta ce mai jego ba ta yi sai da nama, na ce akwai mahauta na halal a Bronx ta ce naman da bai ga rana ba ina daɗinsa, yanzu haka akwatin a ɗakina yake na sa kwaɗo na ɓoye makulli. In akwai wata 'yar uwa a nan da za ta bi jirgin Niyok cikin sati na biyu na wata mai kamawa dan Allah ta yi min magana ta akwatin sirri, ko ba komai ta dinga tashinta tana takawa, don ni na san in ba a tsaya a kanta ba lulluɓa za ta yi da mayafi ta ja carbi har a sauka.